Ku Tambayi Anti: Ɓera Ya Hana Mu Sakat

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Wannan satin saƙonnin da suka taru kusan duk kuka ɗaya ne, ɓera. Ni dai ban yi mamaki ba, kaka ta yi an kwaso amfanin gona an jibge a gida, an fara ƙona daji, ga sanyi ya kunno kai, toh ina kuke so su nufa in ba ɗakunanmu ba. Na tsinci waɗanda suka fi kama da na kowa, sauran ku yi haƙuri ku duba amsarku a ciki.

Anti barka da aiki. Wallahi na gaji, sau uku ina sa shinkafar ɓera a kicin, su mutu mu kwashe, bayan sati biyu wasu su dawo kamar an aiko su. Yanzu har akwatin lefena sun shiga sun cinye min leshi guda da atamfa biyu waɗanda ko ɗinkawa ban yi ba. Dan Allah wane magani ne ya fi ƙarfi? Daga wata uwargida, Rijiyar Lemo, Kano.

Ƙanwata sannu da wannan asara, leshi a wannan marrar ai ba wasa ba. Amma zan faɗa miki abin da ba shi kika so ji ba, maganinki ba rashin ƙarfi ya yi ba tunda kin ce suna mutuwa, matsalar ita ce gidan naki har yanzu otal ne mai abinci kyauta da ɗakin kwana, kin kori baƙin yau na gobe suna hanya. In ɓera na da sata ai daddawa ma na da wari.

Ki yi lissafin nan ki gani. Macen ɓera sati uku kacal take ɗaukar ciki, ta zubo shida, takwas, wani lokacin fiye da goma, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin kwana ɗaya zuwa biyu da haihuwa, su kuma 'ya'yan wata biyu zuwa uku sun isa su fara nasu. Toh ke kin kashe biyar kina murna alhali akwai goma sha a cikin rami ko a silin ko gidan maƙota suna jiran layi. Shi ya sa nake cewa guba ita ce ta ƙarshe a jerin aiki ba ta farko ba.

Abin farko abinci. Yau da daddare kafin ki kwanta ki tsaya a bakin kicin ki kalle shi da idon ɓera. Kwanukan tuwo da aka bari sai da safe a wanke, tukunyar miya da murfinta ya karkace, buhun shinkafa a ƙasa bakinsa a buɗe, dusar awaki a daro, tsabar kaji da ta zube a tsakar gida, bokitin shara ba murfi, ɓawon rake da yara suka watsar bayan ƙofa. Duk wannan walima ce. Buhu da leda da kwali ba su tare ɓera, haƙoransa na gaba ba su daina tsiro har ya mutu shi ya sa dole ya yi ta gwaguyar abu ko ba ya jin yunwa, abin da ya kai shi leshinki kenan, wani ya gwaguya wani ya ja ya yi sheƙa da shi. Ki samu durom na ƙarfe ko manyan robobi masu kauri da murfi mai kamawa ki juye su shinkafa, gari, wake, masara. Tsofaffin samiru da kwallaye da iyayenmu ke jerawa ba don ado kaɗai ba ne ashe. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne, hadisi ya zo da umarnin a rufe ƙwarya da tukwane, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofa, a kashe fitila in za a kwanta, har aka ambaci ɓera da cewa yana iya jan lagwani ya ƙona gida da mutanensa. Yau ba lagwani sai wayar lantarki, kuma ita ma yana gwaguyarta ta yi tartsatsi a silin.

Na biyu kafofi. Ƙaramin ɓera in fensir zai shiga kafa toh shi ma zai shiga, babban kuma faɗin babban yatsanki ya ishe shi. Ki duba ƙarƙashin ƙofa, inda famfo ya huda bango, rariyar wanke-wanke, bakin kwata, tagar da ragarta ta yage, da tsakanin bango da rufin kwano. In kina son ki gane hanyarsu ki barbaɗa toka ko gari siriri a gefen bango da daddare, da safe za ki ga sawu ɓaro-ɓaro har inda suke shigewa. Kar ki toshe da tsumma ko katifa ko kwali, kin ba su kayan shimfiɗa ne kawai. Ki cusa soson ƙarfe na wanke tukunya ko fasassun kwalabe sannan a shafe da siminti, rariya a sa mata ragar waya, ƙasan ƙofar katako a buga mata fallen kwano. Sai kin gama waɗannan biyun sannan tarko zai yi amfani, don wanda ya rage a ciki yunwa za ta kai shi.

Anti ni ɗalibi ne ina haya a Samaru Zariya. Na sayi tarko mai sifirin sati guda kenan, kullum sai na tarar an cinye biredin tarkon bai tashi ba, jiya ma yatsana ya kama. Ɓerayen nan aljanu ne?

Ɗana ba aljanu ba ne, sun dai fi ka haƙuri. Biredi ai fizge shi ake yi a wuce. Ka sa abin da sai an ja da ƙarfi, kan busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli ko guntun daddawa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, ka ɗaure shi da zare tam a jikin maƙalar. Sannan ina ka ajiye tarkon? In a tsakiyar ɗaki ne ka yi aikin banza, ɓera ba ya gani sosai, bango yake bi yana shafa da gashin bakinsa, saboda haka ka jingina tarkon da bango, ɓangaren abincin ya kalli bangon, bayan katifa ko bayan jakar kayan abincinka inda kake ganin kashi. Manyan kuma akwai su da tsoron sabon abu, sai ka yi kwana biyu ko uku kana sa abincin ba ka ɗana ba, su ci su saki jiki, ranar ta huɗu ka ɗana. Kuma tarko ɗaya ya yi kaɗan, ku haɗa kuɗi da 'yan sauran ɗakunan ku sayi biyar shida ku ɗana dare ɗaya, in kai kaɗai kake yi a gidan haya mai ɗaki goma kana kwasar ruwa ne da rariya.

Anti Allah ya ƙara basira. Maigidana ya sayo wani baƙin gari a leda wajen masu talla a tasha, ya ce a kwaɓa da kifi a ajiye lungu-lungu, wata maƙociyata kuma ta ce ita kafson Indocid take farkewa ta zuba a tuwo. Ni kuma ina da mai rarrafe ɗan wata tara, komai ya gani baki. Hankalina bai kwanta ba. Daga Gusau.

Hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba, ki riƙe shi a haka. Ki lallaɓa maigida cikin ladabi ki ce masa Anti ta ce a yi haƙuri da wannan garin, kar garin neman gira a rasa ido.

Bari in ɗan warware miki don mutane suna kiran komai maganin ɓera alhali ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kashewa nan take, yawanci shi ne baƙin garin nan ko mai ruwan toka mai wari kamar tafarnuwa, in ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iska mai guba, kuma ba shi da makari, ko a asibiti dabarun ceto kawai ake yi a bar wa Allah sauran. Danginsa ne ƙwayar nan mai hayaƙi da 'yan kasuwa ke jefawa a buhun wake, wadda ba a yarda a kwana ɗaki ɗaya da ita ba, wasu kuma su ɗauka su jefa a ramin ɓera cikin ɗakin kwana su rufe ƙofa, wannan ganganci ne da rai. Akwai kuma mai tsinka jini, shi ne yawanci ake rina shi shuɗi ko kore ko ja, ɓera ya ci sai bayan kwana uku zuwa bakwai jini ya tsinke masa ta ciki ya mutu. Shi yana da makari, bitamin K da likita ke bayarwa, amma yaudararsa ita ce yaro zai ci yau ki gan shi garau yana wasa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu a fara ganin haɓo ko jini a dasashi ko a fitsari. Na leda da ake talla a tasha kuwa ba suna ba lamba, ba ki san wanne ne a ciki ba, wani ma haɗe-haɗe ne. Su fiya-fiya da Sniper kuma maganin ƙwari ne na gona ba na ɗaki ba, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensu barkatai a kasuwa amma kin san halinmu. Indocid ɗin maƙociyarki maganin ciwon gaɓoɓi ne na mutane, kuma tuwon da aka barbaɗa masa yaro ba zai bambanta shi da na kwanonsa ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren shekarun baya, na kwaɓa na tura ƙarƙashin firij ina ganin ba mai kai wa nan, ashe ɓeran ya jawo loma ya yar a tsakar gida, da safe kajina uku a miƙe, na yi ta salati ina tuna da ace jikata ce ta riga su fitowa. Tun ranar ban sake ba. Gidan da ke da mai rarrafe tarko kawai, shi ma a bayan kabad ko cikin kwali mai ƙaramar ƙofa inda hannunsa ba zai kai ba.

In kuma Allah ya kiyaye yaro ya ci, naki ko na maƙota, dan Allah kar a tsaya ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kar a zura masa yatsa a maƙogwaro, a cire na bakinsa a ɗauki ledar ko kwalin maganin a ruga asibiti da shi ko da yaron yana dariya.

Anti ina da ciki wata bakwai. Mun tarar da kashin ɓera a cikin garin kwaki da garin tuwo, na ce a zubar surukata ta ce almubazzaranci ne, a tankaɗe kawai, wai su tun suna yara suke ci ba abin da ya same su. Ni kuma ina jin ana ta maganar Lassa a rediyo. Ya zan yi ban ɓata mata ba? Daga Bauchi.

Allah ya raba lafiya ƙanwata. Mama ba ƙarya ta yi ba, da yawa sun ci sun tashi, don ba kowane ɓera ke ɗauke da cutar ba kuma ko cikin waɗanda suka kamu kusan 8 cikin 10 ɗan zazzaɓi kawai suke yi ko ma ba su ji komai ba. Amma sauran biyun fa? Su ne ake kwasa ranga-ranga. Kuma ke kina cikin waɗanda ta fi yi wa illa, mai tsohon ciki in ta kamu yawanci ana rasa abin da ke cikin, uwar ma sai an yi da gaske. Ga shi kina Bauchi, jihar da kusan duk shekara tana sahun gaba tare da Ondo da Edo da Taraba a yawan masu kamuwa, kuma yanzu ne lokacinta, daga Disamba zuwa wajen Afrilu.

Cutar ba baƙuwa ba ce daga wata ƙasa, a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano ta a 1969 shi ya sa ta ci sunan. Wani ɓera ne mai jerin nonuwa da yawa a cikinsa yake yawo da ita, shi ba ta yi masa komai, yana zubar da ita a fitsari da kashi, kuma da ido ba za ki tsaya tantance shi da sauran ba balle da daddare. Tankaɗe yana cire kashi amma ba ya cire fitsarin da ya bushe a cikin gari, asali ma mai tankaɗen ita ce ke shaƙar ƙurar. Wuta tana kashe ƙwayar cutar, toh ki lura da bambancin, tuwo ana tafasa shi ya dahu, garin kwaki kuwa ruwan sanyi ake zuba masa a sha. Saboda haka duk abin da ba zai bi ta wuta ba, kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, aya, kilishi, soyayyar gyaɗa, in ɓera ya taɓa a zubar ba ciniki. Garin tuwon ma da kashi ya cakuɗe a ciki ni dai zubarwa zan yi. Buhun tsabar da ya huda gefe ɗaya shi ne za a iya kwashe wajen da yalwa a zubar, sauran a wanke a dafa sosai, kuma ba ke za ki yi aikin ba.

Wajen share kashin ma kar a sa tsintsiya a busasshe ƙura ta tashi. A jiƙa shi da ruwan Hypo, wato bilicin nan na wanki, murfi ɗaya na Hypo murfi tara na ruwa, a bari minti biyar, a sa leda a hannu a kwashe da tsumma a wanke hannu da sabulu. Mushen ɓera haka, leda biyu, a binne da zurfi, ba a wurga shi bayan katanga yara su ɗauka da wutsiya suna wasa ba.

Maganar Mama kuwa kar ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Ki gaya wa ɗanta a ɗaki, shi ya je ya ce mata saboda jikanta ne, ya kuma sayo wani garin ya ajiye kafin a zubar da wancan, in ta ga madadin zafin asarar zai ragu. Sannan duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan aka sha maganin maleriya kwana biyu uku bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ga kasala ga amai, kar a koma kemis a sake wani, a je asibiti a faɗa musu akwai ɓeraye a gida. Cutar Lassa tana iya ɗaukar har sati uku kafin ta nuna, maganin da ake bayarwa kuma ya fi aiki in an fara da wuri, wasu da suka warke ma ta bar su da kurumta. Layin wayar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, kyauta ne, 6232.

Anti mun kawo kyanwa wata biyu kenan amma ɓera har gabanta yake wucewa tana hamma.

Kun samo kyanwar Lami kenan, ba cizo ba yaƙushi. Wasu haka Allah ya yi su, musamman wadda aka raba da uwarta tun tana ƙarama ba ta ga yadda ake farauta ba. Kar ku hana ta abinci wai don ta yi zuciya, gidan maƙota za ta koma sata. Ko mai ƙwazon ma ƙananan take kamawa, ƙaton ɓeran kwata ba kowace mage ke tunkararsa ba. Kuma in kuna da kyanwa ku manta da guba, in ta ci ɓeran da ya ci gubar ita ma ta tafi.

Gaisuwa Hajiya. Ni manomi ne a karkarar Maraɗi. Bana Allah ya ba mu hatsi amma kusu da gafiya sun dame mu a rumbu, gafiyar har rami ta yi ƙarƙashinsa. Mi za mu yi?

Baba ina gaisuwa, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Ku kun fi ni sanin rumbu, abin da zan ƙara kaɗan ne. A nome ciyawa da karan da ke kewaye da shi tas a bar fili fetal, don ɓera ba ya son ratsa sarari inda mujiya da shaho za su gan shi, kuma kar a jingina itace ko tsani ko dami a jikinsa, gada ce. In rumbun mai ƙafafu ne a yanka fallen kwano a yi masa kamar malafa a kifa a kowace ƙafa, mai hawa in ya zo nan sai ya zame. Wanda aka sussuka ya fi tsira a ganga ta ƙarfe mai murfi. Buhun nan mai ninki uku da ake zuba wake yana maganin ƙwari kuma yana rage ƙamshin da ke kiran ɓera, amma haƙori na huda shi, sai a ɗora shi kan katako a janye shi daga bango.

Gafiya kuwa ba ta ci a wurin, kumatunta jaka ce, cikawa take ta kai rami ta dawo, shi ya sa ake ce mata tsira da na bakinki, in kuka tona ramin za ku sha mamakin abin da ta tara. Tarkon kusu ba ya riƙe ta sai babba na ƙarfe a bakin ramin, bayan an kama a cike ramin da duwatsu. Abin dariya Baba, irin wannan gafiyar a Tanzaniya horar da ita ake tana shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa, har wata ta samu lambar zinare a 2020 saboda aikin da ta yi a Kambodiya, tamu kuma ta ƙare a satar gero. Sai dai a ja kunnen yara masu farautarta da na ɓerayen daji suna gasawa, wajen fiɗa da taɓa jinin nan ne ake ɗaukar ciwo.

Anti mun kama wani ƙato da gam yana ta tsuwa, yayana ya ce a zuba masa fetur a cinna ashana sauran su ji wari su gudu. Ni dai ban so ba. Kuma akwai wata mai dogon baki mai wari da ke shigowa tana ƙara, ita ma ɓera ce? Daga wata budurwa a Kaduna.

Kin yi daidai 'yata. Addini ya halatta kashe ɓera, yana cikin dabbobi biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko a Harami, amma an hana azabtarwa da wuta, kuma an ce in za a kashe a kyautata kisan. Ban da haka in gam ɗin ya narke ya kuɓuce yana ci da wuta ina kike zaton zai nufa, ƙarƙashin gado ko cikin sito, tsugune ba ta ƙare ba kenan. Sauran kuma ba za su gudu ba, gobe suna nan. A rufe shi da leda ko tsumma a buga masa abu mai nauyi a ka sau ɗaya, a naɗe da allon gam ɗin gaba ɗaya a binne. Ni gam ɗin ma ba na sonsa, yana barin dabba tana wahala tana fitsari a wurin awa da awanni, ga shi yana kama ƙadangare da 'yan tsaki.

Mai dogon bakin nan jaba ce, ba dangin ɓera ba ce ko kaɗan, ƙwari take ci, kyankyasai da gyare da tsutsa, ba ruwanta da buhun shinkafarki sai dai warin da take bari a kan kwano in ta bi ta kai. In tana yawan zuwa toh akwai kyankyasai a kicin ɗin, ki duba bayan kabad da ƙarƙashin sink, ki kuma toshe ƙasan ƙofar da take shigowa.